Shukar Binne: Sharhi Kan Tsinken Gwajin Fitar Ƙwai

Sharhinmu na yau magana ce ta manya, ta cikin ɗaki. Idan da yara a gindin rediyo, a ba su aike tukuna. Iyayenmu da ke saurare kuma a yi mini afuwa in bakina ya taɓa inda kunya ta hana. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma duk abin da muka ƙi faɗa a fili, shi 'ya'yanmu ke zuwa su tambayi waya a ɓoye.

Kowa ya san yadda abin yake farawa. An ɗaura aure, an kai amarya, 'yan biki sun watse. Wata ukun farko babu mai cewa uffan. Daga wata na shida sai ido ya fara sauka daga fuskarta zuwa cikinta. In ta yi zazzaɓi a yi murmushi, in ta ture kwanon tuwo a kalli juna. Shekara na zagayowa sai ka ji, "Wance, har yanzu shiru?" Facalarta da aka kawo bayanta ta haihu, ranar suna a miƙo mata jinjiri a ce, "Ungo riƙe, Allah Ya kawo naki." Addu'a ce, amma ita kaɗai ta san inda ta soke ta. In aka ƙara shekara guda, habaici ya koma gori, har a samu mai ƙarfin halin kiran ta juya.

A watan Afrilun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoton da ya ce kusan mutum 1 cikin kowane baligi 6 a duniya yana gamuwa da matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, kuma tazarar da ke tsakanin ƙasashe masu arziki da matalauta a kan wannan ba ta taka kara ta karya ba. Ke nan duk layin da ka shiga a unguwarku, akwai gidan da ake kwana da wannan damuwa.

Cikin abubuwan da mata masu neman haihuwa suka koma wa a 'yan shekarun nan akwai wani ɗan siririn tsinke da ake sayarwa a kemis. Kamarsa ɗaya da tsinken gwajin ciki da kowa ya sani, har wasu kan ɗauki wannan a zaton wancan ne. Aikinsu kuwa daban. Na gwajin ciki yana ba da labarin abin da ya riga ya faru. Wannan kuwa bushara yake yi da abin da ke tafe, yana gaya wa mace cewa ƙwanta na gab da fita. Tun a shekarun 1980 aka fara sayar da irinsa a ƙasashen Turai da Amurka, yau ga shi ya yi araha har ya iso kantunan maganin garuruwanmu. Shi za mu duba: me yake faɗa, yaya ake tambayarsa, kuma ina bakinsa ya tsaya.

Mu fara da yadda Allah Ya tsara jikin. Mace tana da ma'ajiyar ƙwai biyu, dama da hagu. A kowane zagaye na al'ada ƙwai guda yakan nuna a ɗaya daga cikinsu. In ya kusa nuna, sai wata 'yar halitta da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, wadda girmanta bai wuce ƙwayar wake ba, ta kwararo wani sinadari cikin jini, wanda likitoci ke kira LH. Shi ne mai ba da umarni. Bayan hauhawarsa da kamar awa 24 zuwa 36, sai ƙwan ya fito ya faɗa bututun da ke kaiwa mahaifa. Rarar sinadarin tana fita ta fitsari, ita ce tsinken nan yake kamawa.

To ga inda gizo ke saƙar. Ƙwan nan da ya fito, ransa gajere ne. Awa 12 zuwa 24 kawai yake yi, in bai haɗu da ƙwayar maniyyi ba ya lalace, sai kuma wata mai zuwa. Ƙwayoyin maniyyi kuwa suna iya yin kwana 5 da rai a jikin mace suna jira.

Manoman ƙasar Katsina da Daura da Maraɗi sun san wannan lissafi tun kafin likita ya san shi. Mai shukar binne ba ya jiran ruwa. Yakan zuba geronsa cikin busasshen rairayi tun hadari bai haɗu ba, domin ranar da ruwan farko zai sauka ya tarar da iri a ƙasa. Wanda ya tsaya sai ya ga ruwa, sa'an nan ya tafi neman iri da sungumi, kafin ya dawo laima ta gudu. Haka ɗaukar ciki yake. Iri ne ke jiran ƙwai, ƙwai ba ya jiran kowa.

An tabbatar da haka da ƙididdiga. Wani likita mai bincike a Amurka, Allen Wilcox, shi da abokan aikinsa sun bi mata 221 masu neman ciki, kowace safiya ana ajiye fitsarinsu ana aunawa, suna kuma rubuta ranakun da suka sadu da mazajensu. Sakamakon da suka buga a 1995 ya nuna cewa duk cikin da aka samu, an same shi ne daga saduwar da ta faɗo cikin kwana 6: kwana 5 kafin fitar ƙwai, da ranar fitarsa. Ko a ranar da ta fi kowace dacewa, damar ba ta wuce kusan 1 cikin 3 ba. A riƙe wannan da kyau. Lafiyayyen miji da lafiyayyiyar mata, a ranar da ta fi dacewa, sau biyu cikin uku za su tashi babu komai. Wata guda ya wuce ba a dace ba, ba alamar ciwo ba ce.

Wani zai ce, ai an ce rana ta 14 ce, me ya kai mu sayen tsinke? Wannan magana tana da asali. A shekarun 1920 likitoci biyu, Kyusaku Ogino a Japan da Hermann Knaus a Ostiriya, kowa a ƙasarsa, suka gano cewa ƙwai yana fita ne kamar mako biyu kafin jini mai zuwa. A lura, kafin jini mai zuwa suka ce. Mutane suka juya maganar ta koma mako biyu bayan jinin da ya wuce. Lissafin biyu ba sa haɗuwa sai ga macen da zagayenta kwana 28 ne cif. Lafiyayyen zagaye kuwa yana kamawa daga kwana 21 har zuwa 35. Wilcox ɗin nan ya sake dubawa a shekarar 2000, ya tarar kusan kashi 30 cikin 100 na mata ne kaɗai kwanakin ɗaukar cikinsu ke faɗowa gaba ɗaya tsakanin rana ta 10 da ta 17, inda littattafai suka ce a neme su. Sauran kashi 70, wata tata ta riga, wata tata ta yi jinkiri.

Mu kawo shi gida. An saba cewa da mace ta yi wankan tsarki, a daren ne mahaifa ke buɗe. Ga wadda zagayenta kwana 24 ne, maganar ta yi daidai, domin ƙwanta zai fita wajen rana ta 10, tana yin wanka ta riga ta shiga kwanakinta. Amma mai zagayen kwana 35, nata ƙwan sai wajen rana ta 21. In ita da maigida suka ƙare ƙoƙarinsu a makon wanka, suka saki jiki bayan nan, za su shekara suna shuka a watan da ba na shuka ba. Ga irin wannan ne tsinken yake da rana.

Kuma ƙirgar kwanaki ba baƙon abu ba ne ga matanmu. Wace mace ce ba ta san ranar da ta ajiye salla da ranar da ta ɗauka ba? Tun a Islamiyya aka koya musu kwanakin haila da na tsarki, da alamar bushewa da ta farar kumfa. Abin da za a ƙara kaɗan ne, sai dai akwai wurin da ake tuntuɓe. Lissafin ibada yakan sa ido kan ranar wanka. Lissafin neman ciki kuwa daga ranar farko da aka ga jini sosai yake farawa. Ita ce rana ta 1. Daga ita zuwa ranar da ta gabaci jini na gaba, shi ne tsawon zagaye. A samu ɗan littafi ko kalandar bango a riƙa yin alama, wata uku a jere sun isa a gane inda aka dosa.

In an san tsawon zagaye, sai a cire 17 daga ciki, abin da ya rage ita ce ranar fara gwaji. Mai kwana 28 ta fara a rana ta 11. Mai kwana 32 ta fara a ta 15. Mai kwana 24 ta fara tun a ta 7. Wadda nata ke hawa da sauka, ta ɗauki mafi gajarta cikin watanni shidan da suka wuce ta yi lissafi da shi. Daga nan kullum tsinke guda, a lokaci guda, har ranar da ya amsa.

Wane lokaci? Nan ma an saba da tsinken ciki, wanda ake so a yi da fitsarin farko na asuba. Yawancin tsinken fitar ƙwai ba haka suke so ba. Sinadarin yakan fara hauhawa a jini ne da sassafe, ya ɗauki 'yan awanni kafin ya bayyana a fitsari, don haka daga hantsi zuwa bayan isha'i ya fi. Mace ta zaɓi lokacin da ta san tana da sarari, misali bayan azahar, ta tsaya a kansa. Awa biyu kafin nan ta rage shan ruwa da shayi da kunu, domin fitsarin da ya tsinke yana ɓoye abin da ake nema. Ta tara a busasshen kofi mai tsabta, ta tsoma tsinken zuwa layin da aka yi masa iyaka, kada ya wuce, na 'yan daƙiƙun da takardar cikin kwali ta faɗa. Ta kwantar da shi, ta duba bayan kamar minti 5. Abin da ya fito bayan minti 10 ba a aiki da shi. In takardar kamfanin ta faɗi wani abu daban, a bi takardar.

Yanzu mun iso wurin da aka fi yin kuskure, wato karanta tsinken.

A tsinken ciki, layi biyu ko da na biyun dishi-dishi ne, ciki ne. A wannan kuwa ba haka ba. Jikin mace ba ya rabuwa da ɗan sinadarin LH a kowace rana, saboda haka layi na biyu mai haske zai iya fitowa yau, gobe da jibi, ba ya nufin komai. Akwai layin shaida, mai harafin C, wanda ke nuna tsinken yana aiki. Akwai layin gwaji, mai harafin T. Sai ranar da layin gwaji ya yi duhu kamar na shaida, ko ya fi shi, sa'an nan tsinke ya amsa. In layin shaida bai fito ba sam, tsinken ya lalace, a jefar. Mata da yawa sun ga layi biyu sun yi sujadar godiya a zaton ciki ne, wasu kuma sun ga dishi-dishi sun tayar da maigida daga kasuwa kwana biyar kafin lokaci. Wata dabara ita ce a jera tsinkayen a takarda, kowane da kwanan watansa, a ga yadda layin ke ƙara duhu. In ya fara kusantar na shaida, a koma gwaji sau biyu a rana, domin a wasu matan hauhawar ba ta cika kwana guda take sauka. Akwai kuma masu batir irin na kamfanin Clearblue, da ke nuna fuska mai murmushi maimakon layi. Sun fi sauƙin karantawa, sun kuma fi tsada nesa ba kusa ba.

Ranar da ya amsa, ita da washegari da wanda ke bi mata, nan ne ruwan ke sauka. Amma a tuna da binne. Wanda ya ƙaurace wa iyalinsa mako biyu wai yana tara ƙarfi sai tsinke ya yi magana, ya zubar da kwanakin da suka gabata, alhali suna cikin mafi albarka.

Jiki ma yana da tasa shaidar, kyauta. In ƙwai ya kusa fita, ruwan da mace ke gani a gabanta yakan sauya, ya zama garai-garai, mai santsi da yauƙi kamar farin ɗanyen ƙwai. Mata da yawa kan ɗauka sanyi ne, su ruga kemis a haɗa musu magani. In babu ƙaiƙayi, babu wari, babu zafi, wannan ruwa lafiya ce, shi ne ma yake raya ƙwayoyin maniyyi ya yi musu jagora. In shaidar jiki da ta tsinke suka haɗu a rana guda, magana ta yi ƙarfi.

Sai batun saye. Waɗannan tsinkaye ba sa son zafi, yawancinsu an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 30. Wanda ya san Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai a watan Afrilu ya san zafi kan haura 40. Kwalin da ya yi wata shida a shagon kwano yana shan rana, ko a tiren mai talla a tasha, ba abin dogaro ba ne. A saya a kantin magani na ƙwarai, a duba ranar ƙarewar aiki, a Najeriya a duba lambar hukumar NAFDAC, kada kuma a yage ledar tsinke sai lokacin amfani.

Su wa wannan abu ya fi yi wa amfani? Ma'auratan da ke kwana ɗaki guda kullum, suna saduwa duk bayan kwana biyu ko uku, ba lalle su buƙace shi ba, domin duk ranar da ƙwai ya fito zai tarar da mai jiransa. Amma gidajenmu nawa ne haka? Direban tirela da ke tsakanin Kano da Legas. Soja ko ɗan sanda da aka tura wata jiha. Ɗan cin-rani da ya bar Damagaram. Ma'aikacin Abuja da ba ya zuwa gida sai ƙarshen wata in albashi ya shigo. Ku duba wannan na ƙarshen. Wata kwana 30 ne, zagayen matarsa ma kusan haka. Ke nan duk zuwan da zai yi, a gaɓa guda yake tarar da ita. In gaɓar ba ta ɗaukar ciki ba ce, zai shekara biyu yana zuwa yana komawa, su biyun lafiyarsu ƙalau, uwarsa kuma tana can tana nema masa wata. Wata uku na gwaji sun isa matar ta ce, "Maigida, wannan karon ka ɗauki hutunka a tsakiyar wata."

Haka gidan da ke da mata fiye da ɗaya. Mai mata huɗu da ke raba kwana bibbiyu, kowace in ta fita girki sai ta yi dare shida kafin ya dawo ɗakinta. Kwanakin ɗaukar ciki kuma shida ne, masu ƙarfin cikinsu biyu ko uku. Ba abin mamaki ba ne su riƙa faɗawa a girkin wata. Ba satar kwana nake kira a yi ba, wannan zalunci ne. Amma musayar kwana da yardar mai shi tana da asali, tunda Uwar Muminai Sauda ta bai wa Nana A'isha kwananta, Allah Ya ƙara musu yarda. Uwargidan da Allah Ya ba 'ya'ya biyar, in ta ce wa amaryar da ke nema, "Ƙanwata, karɓi yau da gobe, kya rama mini," ta yi sadakar da ba kowa ke iya irinta ba. Yadda za a tsara shi ba tare da an tauye kowa ba, a tambayi malamai.

Yanzu kuma sai inda bakin tsinken ya tsaya, kuma nan ne zuciyar sharhin namu. Tsinke umarni yake ji, ba ya ganin ko an bi umarnin. Yakan faru sinadari ya hau amma ƙwai bai fita ba. Matan da ke da lalurar da likitoci ke kira PCOS, waɗanda al'adarsu kan yi wata biyu ko uku ba ta zo ba, wani lokaci da gashi a haɓa da ƙuraje da ƙiba, sinadarin nasu yakan zauna a sama, sai tsinke ya yi ta amsawa alhali babu ƙwan da ke fita. Macen da ta kusa daina al'ada ma haka. Wadda aka yi wa allurar fitar da ƙwai a asibiti, ko wadda ciki ya riga ya shiga ba ta sani ba, duk zai iya amsa musu, domin sinadarin ciki ɗan'uwan LH ne na kusa. Mai shan ƙwayar Clomid, ta neman haihuwa, ita ma tana iya ganin amsar ƙarya in ta yi gwaji dab da gama sha. Tunda mun ambace ta, mu faɗa: wannan ƙwaya ba ta sha-ka-tafi ba ce. Yadda ake sayen ta a kemis bisa shawarar ƙawa ko ta zauren WhatsApp ganganci ne, tana iya kumbura ma'ajiyar ƙwai har a kwanta asibiti. Likita ne ke rubuta ta, shi ke bin sawunta.

Haka nan tsinke bai san ko hanya a buɗe take ba. Ƙwai zai iya fita kowane wata a kan lokaci, amma bututun da zai bi ya toshe. A ƙasashenmu wannan na cikin manyan dalilan rashin haihuwa, kuma yawanci daga ciwon sanyin da ba a yi maganinsa da kyau ba ne, ko cutar da ta shiga bayan ɓari ko haihuwar da ba a yi cikin tsabta ba. Ba a gane wannan sai da hoton mahaifa na musamman a asibiti. Masu cusa haɗe-haɗen da ba a san asalinsu ba da sunan buɗe mahaifa, su sani suna iya jawo cutar da za ta rufe ta.

Abu biyu kuma da ake jingina masa, ba nasa ba ne. Ba a tazarar haihuwa da shi, domin kafin ya amsa, irin da aka zuba kwana uku baya yana nan da ransa. Ba a kuma zaɓen namiji ko mace da shi. Binciken 1995 ɗin nan ya duba wannan ma, bai ga wata alaƙa tsakanin ranar saduwa da jinsin jariri ba. Abin da ke sa a haifi namiji ko mace yana cikin ƙwayar maniyyin uba ne, da ikon Allah. Mai tsangwamar matarsa don ta jera 'ya'ya mata, ya ji.

To 'yan'uwana maza, ga tamu. Tsinken nan fitsarin mace kaɗai yake gani, bai san komai game da mu ba. Likitoci kuwa sun ce a kusan rabin ma'auratan da haihuwa ta yi wa wuya, akwai hannun namiji a ciki, ko shi kaɗai ko tare da matar. Mu kan ce, "Ni ai lafiyata lau," muna nufin ƙarfin kwanciya. Ƙarfi daban, iri daban. Namiji zai iya zama gagarau, a duba maniyyinsa a tarar ƙwayoyin 'yan kaɗan ne, ko ba sa motsi, ko babu su sam. Hangum da ya sauka wa mutum a maraina bayan ya balaga, tsohon ciwon sanyi, kumburin jijiyoyin maraina, taba, tiramadol, duk suna taɓa iri. Haihuwar da ka yi shekara goma baya da wata matar ba hujja ba ce a kan yau. Gwajin kuma babu allura babu yanka. A ƙaurace kwana 2 zuwa 7, a kai maniyyi ɗakin gwaji, a karɓi sakamako. Ya fi yawancin gwaje-gwajen da ake yi wa mace sauƙi da araha, amma shi ne na ƙarshe da ake yi, in ma an yi. Sai a bar baiwar Allah ta sha jiƙo, ta sha sassaƙe, ta sha rubutu, ta sha gori, mai gidan ko ƙofar asibiti bai taka ba. Matar da ta nuna maka tsinke ya amsa wata shida a jere, ta kawo tata shaidar. Saura taka.

Akwai kuma illar da ba ta jiki ba. In aka ɗora rai a kan layi biyu, ɗaki yakan koma ofis. Mata na kallon agogo, miji na jin kamar an kira shi aiki, har wani ya kasa a daren da aka fi bukatarsa. Daga nan sai zargi, sai kuka a bayi duk ranar da jini ya zo. Hukumar NICE da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila shawararta ga masu neman ciki ita ce saduwa duk bayan kwana 2 zuwa 3 a tsawon wata. Ta kuma ce fiye da ma'aurata 80 cikin 100, in matar ba ta kai shekara 40 ba, za su samu ciki cikin shekara guda, rabin waɗanda suka rage kuma a shekara ta biyu. In kin ga tsinke ya fara hana ki barci, ajiye shi wata guda ki huta. Kin riga kin san kwanakinki.

Yaushe za a bar gwajin gida a nufi asibiti? In an shekara ana tare babu tsari babu ciki, a je. In matar ta kai 35, wata shida sun isa, domin ƙwai yana raguwa da shekaru. In an yi wata biyu ko uku ana gwaji yadda ya kamata tsinke bai taɓa amsawa ba, ko kullum amsawa yake, ko al'ada ba ta da tsari, ko tana zuwa da ciwon mara mai kayarwa, ko an taɓa yin aiki a ciki, kada a jira shekara. A can za a auna jini kamar mako guda kafin al'ada a tabbatar ƙwai ya fita, a bi girmansa da na'urar hoton ciki, a duba bututu, a duba maniyyi. A tafi da ɗan littafin kwanakin nan, zai rage wa likita aiki. A kuma tafi mutum biyu. Tun daga ranar da aka fara nema, matar ta riƙa shan ƙwayar folik asid, maikurogiram 400 kullum, irin wadda ake bayarwa a wurin awo, domin tana kare jariri daga nakasar ƙashin baya da ƙwaƙwalwa, kuma aikinta a makonnin farko ne, tun kafin mace ta san ta yi ɓatan wata.

Na san akwai mai cewa haihuwa ta Allah ce, ina ruwan tsinke. Gaskiya ne, ta Allah ce, Yana ba wanda Ya so, Yana jinkirta wa wanda Ya so. Ruwan sama ma na Allah ne, amma ban taɓa ganin manomin da ya rataye fartanya saboda haka ba. Yana duban gabas, yana ƙirga watanni, yana binne irinsa, sa'an nan ya ɗaga hannu. In kuwa damina biyu ta wuce, ruwa ya sauka a kan lokaci, tsiro bai fito ba, manomin kirki ba ya tsayawa bakin gona yana zaginta. Yakan koma rumbu ya kwance irinsa ya duba.

Ku kuma iyaye da dangin miji, ranar da bakinku ya yi ƙaiƙayin cewa "har yanzu shiru?", ku tuna wataƙila yarinyar nan tana da takarda a ƙarƙashin katifa, da tsinkaye talatin a jere, kowane da kwanan watansa. Ba zaune take ba. In tambayar ta zama dole, ɗanku yana zaure, a fara da shi.

Allah Ya ba masu nema 'ya'ya masu albarka, Ya raya waɗanda aka samu, Ya sanyaya zukatan waɗanda Ya jinkirta wa.